Bayraktar TB2 a sararin Sahel: abin da kuɗin ke saya da abin da ba ya saya

A watan Nuwamba na 2021 Turkiyya ta sanar cewa Nijar za ta sayi jirage marasa matuƙa samfurin Bayraktar TB2, kafin ƙarshen watan Mayu na 2022 kuwa guda shida sun iso Yamai. Wata shida ke nan tsakanin magana da kaya. Najeriya kuma, da ta nemi jiragen yaƙi na Super Tucano guda 12 daga Amurka, an amince mata a watan Agusta na 2017, ta biya dala miliyan 496 a 2018, amma sai a watan Yuli na 2021 shidan farko suka sauka a Kano. Duk mai son sanin abin da ya sa wannan ɗan jirgin na kamfanin Baykar ya cika sararin Mali da Burkina Faso da Nijar da Togo, to ya fara da wannan tazarar. Shugaban da ake kashe wa sojoji kowane mako ba shi da haƙurin shekara huɗu.

Amma saurin kawo kaya daban, ingancin kayan daban. Jirgin kansa za mu duba: me ke cikinsa, me yake iya yi a ƙasa mai hazo da zafi da faɗi irin ta Sahel, ina yake gazawa, kuma igiyar wa mai saye yake ɗaura wa kansa a ƙafa.

Abin da ake sauke wa mai saye

Jirgin ba babba ba ne. Tsawonsa mita 6.5, fukafukansa mita 12 daga baki zuwa baki, in ya cika da mai da makamai nauyinsa kilo 700, daga ciki kilo 150 ne kawai rabon kaya, wato kyamara da bama-bamai. Injin da aka san shi da shi Rotax 912 ne mai ƙarfin doki 100, irin wanda ake sa wa ƙananan jiragen shaƙatawa masu ɗaukar mutum biyu. A bayan jirgin aka dasa shi, farfela tana tura jirgin gaba. Tankinsa lita 300 na fetur. Tafiyarsa ta yau da kullum kilomita 130 a awa, in an matsa masa ya kai 220. Direban haya mai ƙarfin hali zai iya jerawa da shi a titin Kano zuwa Zariya. Yana aiki a tsayin ƙafa 18,000, wajen mita 5,500, kuma a wani gwaji da aka yi a Kuwait a 2019 ya yi awa 27 a sama bai sauka ba. A riƙe cewa wannan adadin na gwaji ne. Da zarar an rataya masa bama-bamai huɗu, nauyi da jan iska za su ci wani kaso na awoyin.

Ba a sayen TB2 kamar yadda ake sayen mota. Saiti ake saye: jirage shida, tashoshin sarrafawa biyu waɗanda suke cikin ɗaki mai kama da kwantena da ake iya ɗora wa babbar mota, eriyoyin sadarwa uku, allunan karɓar hoto biyu da za a iya bai wa dakarun da ke daji, sai janareta da kayan aikin ƙasa. Cikin kowace tasha mutum uku ne: matuƙi, mai kula da kyamara da makami, da kwamandan aiki. Jirgin yana fita titi da kansa, ya tashi da kansa, ya sauka da kansa, kuma kwamfutar tuƙinsa ninki uku ce, in ɗaya ta mutu sauran su riƙe. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin da yawa daga haɗurran jirage marasa matuƙa a wajen tashi da sauka suke faruwa, kuma a nan ne sabon hannu ya fi yin ɓarna.

Batun farashi akwai ruɗani. Ana yawan cewa dala miliyan biyar ne kowane ɗaya, kuma kusan haka jirgin tsuransa yake. Amma a dubi kwangilolin da aka bayyana: Yukiren ta biya dala miliyan 69 kan jirage shida da tashoshinsu a 2019, Polan ta biya miliyan 270 kan guda 24 a 2021. Kowanne ka raba, sama da miliyan 11 zai ba ka kan jirgi ɗaya. Ragowar kuɗin na tashoshi ne da makamai da horo da safaya. Gwamnatin da ta yi kasafi da miliyan biyar ta sayi doki ba sirdi ba linzami.

Makaminsa na yau da kullum MAM-L ne na kamfanin Roketsan na Turkiyya, ɗan bam mai nauyin kilo 22 da tsawon mita ɗaya. Ba shi da inji. Sakinsa ake yi ya zame cikin iska yana bin ɗigon hasken leza da kyamarar jirgin ta haska a kan abin da ake hari, daga nisan kamar kilomita takwas, sabbin samfura kuma sun fi haka. Akwai ƙaninsa MAM-C mai kilo 6.5. Maratayi huɗu ne a ƙarƙashin fukafukai, saboda haka harbi huɗu ne iyaka a kowace fita.

Inda ya ci kuɗinsa

A faɗi gaskiya, jirgin yana da kyau a aikin da aka ƙera shi dominsa. Babu wani abu a wannan farashin da zai ba rundunar da ba ta da kuɗi ido a sama na yini guda da kwana. Jirgin yaƙi mai matuƙi awa biyu ko uku zai yi ya dawo shan mai, ga ƙara da ke sanar da kowa zuwansa. TB2 a mita 5,500 da wuya a gan shi daga ƙasa, kuma ya fi ƙarfin bindigogin milimita 14.5 da 23 da ake ɗora wa motocin a-kori-kura, ya kuma wuce inda yawancin makaman kaɗo jirgi na kafaɗa suke kaiwa. Kyamararsa tana gani da rana, da dare kuma tana ganin zafin jiki da na inji. Babur ɗin da aka kashe minti goma da suka wuce yana nan yana haske a allo.

Rakiyar ayarin motocin soja, gadin sansani da dare, bin sawun mota ɗaya har a ga inda ta kwana, leƙa hanya kafin dakaru su bi: a waɗannan ba shi da na biyu a ajinsa. Sunan da ya yi a Libiya a 2020, inda ya ƙona motocin kariyar sama na Pantsir ƙirar Rasha, da yaƙin kwana 44 na Azabaijan da Armeniya a wannan shekarar, ba na banza ba ne. A Mali ma, lokacin da sojoji da mayaƙan Wagner, sojojin hayar Rasha, suka shiga Kidal ranar 14 ga Nuwamba 2023, garin da aka kori sojojin daga cikinsa tun 2014, hare-haren jirage marasa matuƙa ne suka share musu hanya. 'Yan tawayen da suka saba tara motoci a fili sun gane cewa taruwa ta zama haɗari.

Igiyar rediyo, hazo da zafi

Babbar gazawar TB2 na asali ita ce da rediyon ido-na-ganin-ido ake sarrafa shi. Dole eriyar ƙasa ta riƙa hango jirgin kai tsaye. Samfuran farko kilomita 150 suke kaiwa, na baya an kai su 300, kuma wannan 300 ɗin ba rowar kamfani ba ce, lanƙwasar duniya ce ta yanke shi. Lissafin mai sauƙi ne: a ɗauki tushen tsayin jirgin a mita (wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da tsayin), a ninka da 4.1. A mita 5,500 zai ba da kilomita 300 da 'yan kai. In jirgin ya sauko mita 3,000, igiyar ta koma wajen 225. In akwai duwatsu tsakani, kamar na Ayar a Nijar ko na Adrar da ke arewacin Mali, ta ƙara gajarta.

Yanzu a shimfiɗa wannan a kan taswira. Da'irar da ke da nisan kilomita 300 daga tsakiya tana rufe murabba'in kilomita 283,000. Nijar murabba'in kilomita 1,267,000 ce. Tasha ɗaya a Yamai za ta ga Tillaberi da Dosso, amma Agadas da Diffa sai dai labari. Kowane fagen daga yana son nasa titin jirgi mai kwalta, nasa tasha, nasa ma'ajiyar mai, nasa masu gadi. Akwai samfurin TB2S mai magana ta tauraron ɗan Adam, wanda ya warware wannan matsalar, sai dai ya kawo wata: tauraron na wani ne, hayar layinsa ake biya, kuma mai shi yana iya rufewa.

Ga kuma rashin sauri. Jirgin da aka kira daga sansani zuwa wurin da ke nisan kilomita 300 zai ci sama da awa biyu a hanya. Maharan da suka zo kan babura sun gama abin da ya kawo su cikin minti arba'in, sun watse gida-gida, a awa biyu sun yi nisan kilomita 80 ko 100 ta fuskoki daban-daban. Wannan jirgi ba motar kashe gobara ba ce da za a kira in wuta ta tashi. Sai in yana sama tun kafin a fara yake da amfani, wanda ke nufin sai an san inda za a tura shi tun jiya.

Don a riƙe ido ɗaya a wuri ɗaya dare da rana ba yankewa, ƙa'idar da manyan rundunoni ke bi ita ce jirage huɗu: ɗaya a kan aiki, ɗaya a hanya, ɗaya a shirye, ɗaya a hannun makanikai. Saitin shida ke nan wuri ɗaya yake iya tsarewa sosai, biyu in an takura. Mutane kuma, uku a kowane zama na awa takwas, tara ke nan a rana kafin a yi maganar hutu da rashin lafiya da masu gyara. Hoton da ake nunawa a talabijin na jirage shida a jere yana sa mutum ya ɗauka an rufe ƙasa ne baki ɗaya.

Sai yanayi. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yana iya rage gani zuwa ƙasa da kilomita ɗaya. Kyamarar zafi tana ɗan ratsa ƙura fiye da ta rana, amma hasken leza watsewa yake yi cikinta, bam ɗin kuma dole ya ga ɗigon har lokacin da zai faɗa. In ɗigon ya dushe a tsakiyar tafiya, bam ya zama makaho. Maganin shi ne a sauko ƙasa, saukowa kuma tana gajarta igiyar rediyo, tana kusanta jirgin ga bindiga. A watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 43, iska tana yin sako-sako, inji ya rage ƙarfi, fukafukai su rage ɗauka, sai an ƙara tsawon gudu a titi ko a rage kaya. Shi ya sa masu hankali ke tashi da asuba. Da safe da yamma kuma akwai lokacin da ƙasa da jikin mutum kusan zafi ɗaya suke yi, sai kyamarar zafi ta rasa bambanci. Da damina, hadarin da ke tasowa daga gabas da iska mai ƙarfi a gabansa ba abin wasa ba ne ga jirgi mai kilo 700 da dogayen fukafukai, dole a kauce ko a sauka. A faɗan Tinzawaten na ƙarshen Yulin 2024, can bakin iyakar Aljeriya, guguwar rairayi ta taso ana tsakiyar artabu, kuma jiragen da Mali ke da su ba su hana a yi wa ayarin sojojinta da na Wagner mummunar ɓarna ba.

Gyara ma yana da nasa lissafin. Injin Rotax irin wannan ana duba shi a canja masa baƙin mai duk awa 100, in kuma ana ba shi man jirgi mai dalma tazarar ta ragu zuwa 50. Awa 100 ɗin fita biyar ke nan masu awa 20. Bayan awa 2,000 sai an sauke injin an yi masa garambawul. Jirgin da ke fita sau ɗaya duk kwana uku zai cinye wannan cikin wata goma. Ƙura tana toshe filtar iska, tana cin bakin farfela, tana goge gilashin kyamara, wadda ita ce mafi tsada a jikin jirgin. Fetur mai ruwa ko gauraye kuwa, wanda mota za ta yi tari ta wuce da shi, jirgi mai inji ɗaya faɗowa zai yi. Shekarar farko kowa yana yabo domin komai sabo ne, ga injiniyoyin kamfani a kusa. A shekara ta uku ake sanin rundunar da ta yi tanadi, ranar da aka fara cire kayan wannan jirgi ana sa wa wancan.

Leƙe ta cikin kara

Wannan ne sashen da ya fi muhimmanci, kuma shi ne ba ya cikin takardar talla. In mai kyamara ya zuƙo hoto don ya ga mutum sosai, filin da yake gani bai wuce faɗin 'yan gidaje ba, kamar mai leƙe ta cikin kara. In ya buɗe don ya ga gari duka, mutane sun zama ɗige-ɗige. Daga mita 5,500 kyamara za ta nuna maza talatin da babura a ƙarƙashin bishiya. Ba za ta faɗa maka ko ranar kasuwa ce, ko jana'iza, ko ɗaurin aure, ko taron mahara ba. A karkarar Sahel kowa da rawani, kowa da babur, makiyayi da sandarsa a kafaɗa, kuma sanda da bindiga a hoton zafi 'yan uwan juna ne.

Sakamakon a rubuce yake. Ƙungiyar Human Rights Watch ta tattara bayanan hare-hare uku na jiragen Burkina Faso tsakanin Agusta da Nuwamba 2023, biyu a kasuwanni ɗaya a wurin jana'iza, waɗanda suka kashe fararen hula aƙalla 60, alhali an sanar da su a matsayin nasara kan 'yan ta'adda. Amnesty International ta ba da rahoton harin Amasrakad a yankin Gao ranar 17 ga Maris 2024, inda fararen hula 13 suka mutu, bakwai daga ciki yara. A Najeriya, ranar 3 ga Disamba 2023, jirgi mara matuƙi na rundunar sojojin ƙasa ya saki bam kan masu Mauludi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna, hukumar agajin gaggawa ta ƙirga gawa 85, rundunar kuma ta amsa cewa kuskurenta ne. Ko wane kamfani ne ya ƙera jirgi, irin wannan kuskure a ɗakin sarrafawa ake yin sa, kuma hanyarsa ɗaya ce. Bam ɗin ya faɗa daidai inda aka haska masa. Wanda ya haska ne bai san su wa yake kallo ba.

Matakan da ke rage wannan sanannu ne, tsada da haƙuri kawai suke so. A daɗe ana kallon wuri, awoyi ko kwanaki, har a san yadda rayuwarsa take: yaushe ake cin kasuwa, ina mata ke ɗiban ruwa, wace rana ake taro. A samu tabbaci na biyu daga wata kafa da ba kyamara ba, mutum a ƙasa ko sauraron waya. A sa wanda ya san yankin da harshensa da kalandarsa a cikin ɗakin, wanda zai ce wannan watan Rabi'ul Awwal ne ko bayansa, ana Mauludi ƙauye-ƙauye. A raba mai gani da mai ba da izinin harbi, a kuma sa lauyan soja a tsakani. A haramta harbi na biyu kan waɗanda suka rugo ɗaukar gawa, domin a nan ake ninka asara. A ajiye bidiyon kowane hari inda wata hukuma daban za ta iya dubawa. Baykar tana koyar da tuƙi da harbi cikin 'yan watanni. Wannan tsarin kuwa ba ya zuwa cikin kwantena, kuma duk ƙauyen da aka yi wa kuskure an rasa bakin da zai kawo labari gobe, wanda shi ne abincin jirgin tun farko.

Wa ke riƙe da safaya

Abin da ya fi jan shugabannin Sahel ga wannan jirgi shi ne ba ya zuwa da wa'azi. Amurka tana da dokar da ta hana taimaka wa rundunar da ake zargi da take haƙƙin ɗan Adam, kuma Najeriya ta ɗanɗana: a 2014 an hana Isra'ila sayar mata da jirage masu saukar ungulu na Cobra, a Janairun 2017 kuma harin kuskure kan sansanin 'yan gudun hijira na Rann ya ƙara jinkirta cinikin Super Tucano. Babban jirgin Amurka mara matuƙi, MQ-9 Reaper, yana cikin rukunin da yarjejeniyar hana yaɗuwar fasahar makamai masu linzami ta fi tsanantawa, rukunin masu ɗaukar kilo 500 zuwa nisan kilomita 300. TB2 da kilo 150 ɗinsa ya ratsa ta ƙarƙashin wannan shingen. Faransa da Amurka sun yi shekaru suna tashin Reaper daga Nijar, Faransa daga Yamai, Amurka daga sansanin 201 na Agadas da ta kashe wa sama da dala miliyan 100, amma makullin yana hannunsu, hoton da suka ga dama shi suke nunawa mai masauki. Sojojin Faransa sun fice a Disamba 2023, Amurkawa sun bar Agadas a Agusta 2024. Ga hafsan da ya yi shekara goma yana roƙon a nuna masa hoton ƙasarsa, jirgin da zai tuƙa da hannunsa ba ƙaramin abu ba ne.

Rasha, wadda ta shigo da Wagner Mali sannan ta kawo dakarun Africa Corps Yamai a Afrilu 2024, ba ta da abin sayarwa a wannan layin. Ita kanta daga Iran ta nemo jiragen Shahed don yaƙin Yukiren. Abin da ta kawo Mali tsofaffin L-39 ne da Su-25 da masu saukar ungulu. Shi ya sa aka wayi gari da wani irin haɗin gambiza: mayaƙan Rasha a ƙasa, a samansu kuma jirgin wata ƙasa ta ƙungiyar NATO, irin wanda Yukiren ta yi amfani da shi a kan Rashar a 2022.

To amma zanen aro ba ya rufe katara, kuma tarihin jirgin kansa ya nuna haka. Kyamarar da ya yi suna da ita, WESCAM MX-15D, ta Kanada ce. A Oktoba 2020, ana tsakiyar yaƙin Azabaijan, Kanada ta dakatar da izinin fitar da ita, ta soke shi a Afrilu 2021, kamfanin da ya mallaki Rotax shi ma ya tsayar da ba da injuna. Turkiyya ta koma ga kyamarar gida ta Aselsan mai suna CATS. Kanada ba ta janye takunkumin ba sai a Janairu 2024, kwanaki kaɗan bayan majalisar Turkiyya ta amince Suwidin ta shiga NATO. A duba wannan da kyau: irin idon da za a sa wa jirgin da ke shawagi a kan Liptako, inda iyakokin Mali da Nijar da Burkina Faso suka haɗu, ya rataya ne a kan cinikin da ake yi game da arewacin Turai. Mai saye ya tambayi wace kyamara za a sa masa, da sunanta da lambarta, a rubuce.

Bam ɗin ma wuri ɗaya ake ƙera shi. Ranar da MAM-L ya ƙare a ma'ajiya, jirgin ya koma kyamara mai fukafukai har sai Ankara ta aiko. Baykar kamfani ne mai zaman kansa, amma shugaban fasaharsa Selçuk Bayraktar surukin Shugaba Erdoğan ne, kuma ba a fitar da ko ƙusa sai da izinin gwamnati. Turkiyya ba ta ɓoye cewa ciniki ɗaya yana jawo wani ba. Ofisoshin jakadancinta a Afirka sun tashi daga 12 a 2002 zuwa sama da 40. Tawagar da ta sauka Yamai a Yuli 2024 ta haɗa ministan harkokin waje Hakan Fidan da na tsaro da na makamashi da shugaban hukumar leƙen asiri, kuma an tattauna ma'adinai da man fetur tare da tsaro. Ba laifi ba ne, kowace ƙasa haka take yi. Sai dai a daina kiransa 'yancin kai tsantsa.

In aka jera shi da na sauran, Wing Loong II na Sin, wanda sojojin saman Najeriya ke da shi, ya fi shi girma nesa ba kusa ba: kilo 480 na makamai, sadarwar tauraron ɗan Adam, injin da ke shan kananzir na jirgi. Ya fi dacewa da ƙasa mai faɗi, ya kuma fi cin kuɗin riƙo. Najeriya ta daɗe da jiragen Sin, tun CH-3 ɗin da ɗayansu ya faɗo a Borno a Janairu 2015. Yayan TB2, wato Akinci mai inji biyu da ɗaukar kilo 1,500, ya isa Burkina Faso da Mali a 2024, kuma shi ne ya nuna iyakar duk wannan aji. A daren 31 ga Maris zuwa 1 ga Afrilu 2025 Aljeriya ta harbo na Mali kusa da Tinzawaten. Aljeriya ta ce ya shigo mata kilomita biyu, Mali ta ce tarkacensa a cikin ƙasarta ya faɗi, ƙasashen ƙawancen Sahel uku suka janye jakadunsu. Jirgin da 'yan bindiga ba sa iya taɓawa, ga ƙasa mai na'urar hango jirage da makamin kariyar sama nama ne. Haka ya faru a Yukiren: bayan watannin farko na 2022, da Rasha ta tsara kariyarta da na'urorin toshe sadarwa, TB2 ya ja baya ya koma leƙen nesa.

'Yan bindigar ma ba su zauna ba. Sun koyi rarrabuwa, tafiya babur biyu-biyu, fakewa a ƙarƙashin itatuwa, shiga cikin jama'a ranar kasuwa, da motsi lokacin hazo. Sun kuma gane cewa jirgi a ƙasa ya fi sauƙin samu: ranar 17 ga Satumba 2024 mayaƙan JNIM masu alaƙa da Al-Ƙa'ida sun kutsa har ɓangaren soja na filin jirgin Bamako. Su da ISWAP yanzu suna da nasu ƙananan jirage na kasuwa masu farfela huɗu, na 'yan dubban daloli, suna ɗaura musu gurneti. TB2 ba shi da maganin waɗannan ko kaɗan.

Hukuncinmu shi ne ya cancanci saye ga rundunar da ke fama da 'yan tayar da ƙayar baya, in dai a matsayin ido za ta ɗauke shi da farko, makami daga baya, kuma tana da dakarun ƙasa da za su taka inda ya nuna. Ga wadda ke son ya maye mata gurbin soja a ƙauye, ko ta tsorata maƙwabciya mai kariyar sama, asarar kuɗi ce. Wanda zai sa hannu a kwangila ya nemi a rubuta masa safayar shekara uku da injin ajiya aƙalla ɗaya ga kowane jirage biyu, adadin bama-baman da za a kawo kowace shekara da farashin da ba zai motsa ba, horon makanikai na gida har matakin sauke inji, rumfuna masu rufi da sanyaya ɗakin kyamarori, tankin tace mai na sansanin kansa, da eriyoyin ƙari da za a dasa a sansanonin gaba don miƙa jirgi daga tasha zuwa tasha. A kuma fayyace a takarda wa ke da ikon ganin bidiyon da jirgin ya ɗauka da bayanan tafiyarsa idan injiniyoyin kamfani suka jona kwamfutarsu don gyara.